Kan Sarki Bakwai na Tsohon Akawu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya san abin da ƙiraza suke ɓoyewa tun kafin harshe ya furta shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa. Muna roƙonsa ya tsare mu daga zuciyar da take ƙuntata idan ta ga alheri ya sauka a hannun wani.

Bayan haka, Tsohon Akawu ya yi shekara talatin da shida yana aiki a gidan waya, kuma duk tsawon wannan lokaci yana tara kan sarki na ƙasashe daban-daban, har suka cika akwatin ƙarfe guda a ɗakinsa na saman bene. A cikinsu akwai guda bakwai da ya fi ƙauna. Tsofaffi ne ƙwarai, har yanzu manne da guntayen ambulan ɗin da suka zo a kai, kuma ba kamar sauran aka buga su ba. A tsakiyar kowanne akwai hoton tsuntsu ya buɗe fikafikai, hoton ya taso ya yi tudu a kan takardar, ta yadda mutum zai ji gashin fiffiken da ɗan yatsa, da a ce an yarda ya taɓa. Tsohon kuwa bai taɓa yarda ba.

Mutum biyu ne suke zuwa su zauna tare da shi a wannan ɗaki. Na farko Mai-Bango, mai ɗinke littattafai yana yi musu bango, wanda ya shekara talatin yana hawa benen. Na biyu Mai-Agogo, wani mai gyaran agogo da ya zo unguwar shekara huɗu kacal kafin rasuwar tsohon. Da ciwon ajali ya tsananta, tsohon ya ce wa 'yarsa a gaban su biyun, "Idan wani abu ya sami bakwan nan, kada kowa ya sa musu hannu sai Mai-Agogo."

Wata biyu bayan rasuwarsa aka yi ruwa mai ƙarfi, rufi ya yi yoyo, ruwan tsatsa ya shiga akwatin. 'Yar marigayi ta cika wasiyya, ta ba Mai-Agogo makullin ɗakin. Ranar Talata da hantsi ya wanke bakwan, ya shanya su, ya kulle ƙofa, ya koma shagonsa. Da ya dawo bayan La'asar domin ya sauya takardar da suke kai, bai tarar da ko ɗaya ba.

Kafin Magariba labari ya gama layin. A bencin mai aski, inda mazan unguwa suke taruwa, ba wanda ya jira shaida.

"Makulli biyu ne," in ji mai aski. "Ɗaya a hannun 'yar gida, ɗaya a hannun baƙo. Sai dai ku ce mini ita ta saci kayanta."

"Mu da aka haifa a layin nan ko ganin tsuntsayen ba mu taɓa yi ba," in ji wani. "Shi daga zuwa, an miƙa masa makulli."

Washegari mutum uku suka je suka karɓe agogunansu ba a gama gyarawa ba. Wata dattijuwa ta sa ya buɗe nata a gabanta, ta ga ko kayan cikin suna nan. Mai gyaran agogo kuwa ba shi da jarin da ya wuce amana, domin mutane suna ba shi abinsu ne su juya baya. Ɗan ƙanen marigayi, wani direba da ya tashi a gidan, ya matsa a kai magana wurin 'yan sanda. 'Yar marigayi ta ce a ba ta zuwa yammacin Alhamis. Sai ta aika aka kira Mai-Sawu.

*

Mai-Sawu dattijo ne da ya yi shekara arba'in yana bin sawun dabbobin da suka ɓata da kayan da aka sace. Gwiwoyinsa sun gaji, amma idonsa bai gaji ba. Ya hau benen yana hutawa a kowace matakala ta huɗu. Da ya isa ƙofar ɗakin ya hana kowa shiga, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya kira Mai-Agogo.

"Ɗana, faɗa mini yadda ka yi aikinka tun daga farko, kamar kana koya wa wanda bai san komai ba. Ba ƙarya za ka yi ba kuwa, don ban sani ba ɗin."

Mai-Agogo ya share zufa. "Ruwa mai sanyi na zuba a faranti mai faɗi, Baba. Ba a sa mai zafi, ko ɗumi ma ba a so, domin zafi yana sakar da takarda, launi ya zuba. Ba a sa sabulu. Na ɗora kowanne a saman ruwan, fuskarsa sama, ban nutsar da shi ba. Danshi ya ratso ta baya, guntun ambulan ya saki da kansa. Ba a ja. Inda tsatsa ta taɓa, na bi shi da burushi mai laushi, irin wanda nake share cikin agogo, sau ɗaya tak, ba gugawa. Sai na ɗauke shi da hantsaki, ɗan ƙarfen nan mai baki biyu, na kifa a kan takarda mai shan ruwa."

"Sai ka danne shi ya miƙe."

"A'a, Baba! Wannan ne abin da ba a yi. Na yau da kullum, ga su can ƙarƙashin manyan littattafai, su ana danne su. Amma mai tudu, idan yana da danshi ka ɗora masa nauyi, tsuntsun zai kwanta, kuma ba zai sake tashi ba har abada. Ana barinsa ne a inuwa, ba rana, ba fanka. Gefensa zai ɗan nannaɗe, sai a ƙyale shi."

"Wa ya koya maka?"

"Maigida, Allah ya jiƙansa. Wata rana muna mu biyu."

Mai-Sawu ya durƙusa da ƙyar a gefen tebur, ya dubi takardar da aka yi shanyar a kai. Guraben bakwan suna nan, kowanne ya bar tabon danshi. Babu shatin yatsa ko ɗaya. A gefen kowane gurbi akwai ɗan layi siriri, inda bakin ƙarfe ya shiga ta ƙasa ya ɗaga.

"Ina ka ajiye hantsakin?"

"A cikin farantin na bar shi."

Farantin babu komai. Hantsakin yana rataye a wata ƙaramar ƙusa a bayan ƙofa.

"Nan Baba yake rataye shi," in ji 'yar marigayi daga bakin ƙofa. "Tun ina yarinya."

"Ni ban ma san da ƙusar ba," in ji Mai-Agogo.

"Haka ka ce," in ji Mai-Sawu. "Na ji, amma ban riƙe ba tukuna."

*

Tagar ɗakin an bar ta a ɗan buɗe saboda iska, kuma a ƙasanta, cikin taɓon da ruwa ya bari, akwai sawun takalmi babba. 'Yar marigayi ta sa rai a kan wannan sawu, domin ta fi son ɓarawon ya zama wanda ba ta sani ba. Mai-Sawu ya zagaya ya duba. Ya nuna mata ramuka biyu masu kusurwa a gaban sawun, ya nuna yadda dugadugan suka nutse kamar na mai ɗauke da kaya, ya tsinci ƙusar kwano guda a cikin taɓon.

"Tsani ne, 'yata. Wa ya gyara muku rufi?"

"Kafinta, ranar Litinin."

"To, shi ne wannan, kuma sawun ya riga satar da kwana guda. Dubi gefensa, ya bushe ya tsage. Ƙurar da ke kan dakalin tagar kuma ko kyanwa ba ta taka ta ba. Ta ƙofa aka shiga, kuma ba a ɓalle kwaɗo ba."

Ta gane cewa wannan bai taimaki Mai-Agogo da komai ba, sai ma ƙara ɗaure shi da ya yi.

*

Wanda ya san ƙusar bayan ƙofa dole ya daɗe a gidan, saboda haka Mai-Sawu ya nufi tasha wurin direba. Ya same shi ya buɗe gaban mota, hannuwansa baƙi ƙirin da mai.

"An ce kai ka fara kawo maganar a sayar da akwatin."

"Na kawo, Baba, ban ɓoye ba. Ni na yi ta kai shi asibiti a motar nan wata takwas. Da aka zo wasiyya, Yaya ta sami gida, baƙo ya sami makulli, ni na sami 'Allah ya yi maka albarka.' Na karɓa, ban raina ba, amma ko sunana bai ambata a kan akwatin ba."

"Ina kake ranar Talata?"

"A hanya, da fasinja goma sha huɗu da buhunan wata mata da suka kusa karya mini bayan mota. Tambayi duk tashar nan."

Mai-Sawu ya ciro hantsakin daga aljihu, ya ajiye wani guntun tikiti a kan murfin mota. "Ɗauko mini wannan da shi."

Direba ya damƙi hantsakin kamar filaya, ya cafki tikitin ta tsakiya, ya huda shi.

"Ya isa," in ji Mai-Sawu. "Allah ya kiyaye hanya."

"Shi ke nan? Ba za ka kama ni ba?"

"Da kai ne, da mun tarar da fikafikai a ƙasa."

*

Shagon Mai-Bango yana ƙarshen layin, ɗan ƙarami ne mai duhu, yana warin gam da tsohuwar takarda. Kowane lungu cike yake da guntayen takardu, domin an san shi ba ya zubar da ko faɗin tafin hannu. A kusurwa akwai matsinsa: faranti biyu na ƙarfe masu nauyi, da hannu a sama wanda ake juyawa su haɗe. Duk unguwar ta san cewa littafi ba ya fita daga shagon sai ya kwana a cikinsa. Ranar nan an lulluɓe shi da tsumma.

Suka gaisa irin ta tsofaffin da suka san juna. Mai-Sawu ya ciro wani ƙaramin littafin addu'o'i da bangonsa ya ɓalle, ya ce ya zo ne ya haɗa biyu, gyara da tambaya.

Mai-Bango ya karɓa, ya fara shafa gam. "Tambayi abin da kake so, malam."

"Yaya kuke da Mai-Agogo?"

"Muna gaisawa."

"Gaisuwa kawai?"

Burushin gam ya tsaya. "Shekara talatin ina hawa benen nan. Duk kundin da ke ɗakin ni na ɗinka shi. Lokacin da matar marigayi ta rasu ya daina cin abinci, ni nake zama a gabansa har sai ya ci. Sau ɗaya tak na miƙa hannu wajen tsuntsayen nan, sai ya janye su, ya ce, 'Kai hannunka na matsi ne,' ya yi dariya. Ni ma na yi dariya, me zan yi? Wancan kuwa wata shida da zuwansa na hau na tarar da su kai a haɗe, gilashi a idonsa, tsuntsu a gabansa. Da na yi sallama, ko ɗagowa ba su yi ba sai a ta biyu."

"Kana ganin shi ya ɗauka?"

"Ni ban ce ba."

"To, ka ce ba shi ba ne?"

"Wannan ma ban ce ba. Wanda aka ba amana shi ake tambaya."

Ya manna bangon, ya jawo wata takarda mai shan ruwa daga tarin da ke gefensa ba tare da ya duba ba, ya ninka ta biyu, ya sa tsakanin bango da shafin farko don kada danshin gam ya ratsa rubutu, kamar yadda yake yi wa kowane littafi. Sannan ya ɗaure littafin da zare, ya miƙa.

"Ba za ka sa shi a matsi ba?"

"Ƙarami ne. Zare ya ishe shi."

Mai-Sawu ya dubi tsumman da ke kusurwa, ya yi godiya, ya fita. Yana da zato, amma ya san zato ba ya wanke kowa, kuma yana tsoron ya ɗora wa wani bawan Allah abin da unguwa ta ɗora wa Mai-Agogo.

*

Ranar Alhamis bayan sallar Asuba Mai-Sawu ya zauna a ƙofar gidansa har rana ta fara fitowa. Ya kwance zaren littafin domin ya karanta abin da ya saba karantawa, ya zare takardar da ke ƙarƙashin bango zai ajiye. Duk mai bin sawu ya san cewa ƙasa ba ta magana da tsakar rana. Sai haske ya kwanta, da sassafe ko da yamma, sannan kowane ɗan rami yake samun inuwa. Hasken safiyar nan ya bi ta kan takardar a kwance, sai ya ga inuwa a inda ya zaci fari ne sumul.

Ya buɗe ninkin, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya karkata ta a hankali. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya mayar da ita cikin littafin, ya aika wa 'yar marigayi cewa ta tara mutane bayan La'asar.

*

A ɗakin saman bene suka haɗu: 'yar marigayi, da Mai-Agogo, da direba, da Mai-Bango. Mai-Sawu ya sa an kira mai aski ma.

"Ni kuma me ya kawo ni ciki?" in ji mai aski.

"Bakinka ya fi rediyo nisa. Gara ka gani da idonka."

Mai-Sawu ya zauna a kujerar marigayi saboda gwiwa, ya fara a hankali. "Ba a shigo ta taga ba. Sawun da ke ƙasa na kafinta ne. Direba yana hanya, kuma hannunsa bai san hantsaki ba. Wanda ya ɗauke su ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, sannan ya rataye hantsaki a ƙusar da mai ɗakin yake rataye shi. Mai son sayarwa da ya naɗe takardar gaba ɗaya ya gudu. Wannan yana son su ne. 'Yata, lokacin da mahaifinki yake tafiye-tafiyen aiki, wa yake buɗe ɗakin nan ya sha iska?"

Ta yi tunani. "Kawu ne," ta ce, ta dubi Mai-Bango. "Amma wannan tun ina makaranta."

"An karɓi makullin daga hannunsa?"

Ta girgiza kai.

"Makulli ba shaida ba ne," in ji Mai-Sawu. "Ga shaida."

Ya sa aka tura ƙofa, aka bar taga kaɗai. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya shigo a kwance. Ya shimfiɗa takardar a kan dakalin tagar, ya ce kowa ya sunkuya ya duba ta gefe. 'Yar marigayi ce ta fara. A kan farar takardar akwai tsuntsaye uku a jere, sun nutse ciki, kowane gashin fiffike da inuwarsa.

Da Mai-Agogo ya duba sai ya dafe tebur. "An danne su," ya ce. "Wayyo Allah, an danne su suna da danshi."

"Littafi ba ya yin wannan zurfin," in ji Mai-Sawu. "Ƙarfe ne ya yi shi. Takardar kuwa jiya aka sa mini ita a cikin littafina, a shagon da ba a zubar da takarda. Shagon yana da duhu, mai shi bai ga abin da yake ba ni ba."

Mai-Bango bai musa ba. Ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa, ya ciro wani ɗan gwangwani mai faɗi, ya ajiye a kan tebur.

"Rabin juyi kawai na yi," ya ce. "Wallahi rabin juyi. Na hau ne in ga yadda ya yi aikin, na tarar da su a kife, gefe duk ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Na ce, wannan ne gwanin? Wannan aka fifita a kaina? Na ce bari in kai su in miƙar da su, in dawo da su kafin La'asar, in ajiye a gabanki, 'yata, ki ga hannun da mahaifinki ya yi wa dariya. Na sa uku tukuna. Da na buɗe..."

'Yar marigayi ta buɗe gwangwanin. Huɗu suna nan lafiya, a ɗan nannaɗe, tsuntsayensu a tsaye. Uku kuwa sun miƙe sumul, gefensu daidai kamar an auna da ma'auni, amma tsakiyarsu ta zama farin tabo, sai an ƙura ido ake gane cewa tsuntsu ya taɓa zama a wurin.

"Bai taɓa gaya mini dalili ba," in ji Mai-Bango. "Kalma ɗaya ce. Da ya ce mini, ba a danne su. Shekara talatin bai ga na isa a gaya mini ba."

"A kai shi wurin 'yan sanda kawai, Yaya," in ji direba.

"Yi shiru tukuna," ta ce.

Mai-Sawu ya dubi Mai-Bango. "Ɗan'uwa, ɗaukar da ka yi kuskuren awa guda ne, kuma mai kayan tana iya yafewa. Amma kwana biyu kana zaune a ƙarshen layi, kana ji ana kiran wannan mutum ɓarawo, kana gani ana karɓe agoguna daga hannunsa, abin yana aljihunka. Na tambaye ka jiya, ka ce wanda aka ba amana shi ake tambaya. Wannan ba ita za ta yafe ba, ba ni ba."

Mai-Bango ya sunkuyar da kai. "Kunya ce ta fara hana ni. Daga baya kuma, Allah ya gafarta mini, da na ji suna faɗa, sai na ji sanyi a raina."

Mai-Agogo ne ya amsa masa, kuma ba da taushi ya yi magana ba.

"Kai kake jin haushina? Shekara huɗu ina zaune a nan, ba ranar da ba zai ce, 'shekarar da ni da Mai-Bango muka yi kaza' ba. Idan ya yi dariya, labarinku ne. Ni ba ni da shekara ko ɗaya da zan ba da labarinta. Hannuna kawai yake so, don ba ya rawa. Da za a ce in ba ka tsuntsayen ka ba ni shekarun, da na karɓa." Ya juya wajen 'yar marigayi. "Ba na son 'yan sanda. Abu ɗaya nake so. A inda aka ɓata ni, a nan za a wanke ni, kuma da bakinsa."

*

Mai-Bango ya sauka daga benen a gaba, saura suna biye. Bencin mai aski ya cika da masu jiran Magariba. Ya tsaya a gabansu, ya cire hularsa, ya ce da murya mai ƙarfi, "Jama'a, ni na ɗauki kan sarkin marigayi. Ni na lalata uku daga ciki. Mai-Agogo bai ci amana ba. Na ji kuna zaginsa, na yi shiru don ina yi masa hassada."

Wani daga ƙarshen benci ya ce bai ji da kyau ba. Allah ne ya san ko bai ji ba ɗin. Mai-Bango ya sake faɗa daga farko har ƙarshe, bai rage kalma ba.

"Ai ni dama tun farko na ce a bi a hankali," in ji mai aski.

"Ina nan lokacin da ka faɗi abin da ka faɗa," in ji direba. "Kada ka sa in maimaita."

Masu agogo sun dawo, amma a hankali, kuma akwai waɗanda kunya ta hana su har yau. Mutanen biyu ba su zama aminai ba, gaisuwa ce dai ba su yanke ba. Mai-Agogo ya ƙarasa aikin huɗun da suka tsira, aka sa su a kundi mai zurfin gurbi, yadda shafi ba zai taɓa tudunsu ba.

Ukun kuwa, bayan mako guda 'yar marigayi ta je shagon da ke ƙarshen layi da kanta, ta ajiye su a kan teburinsa a cikin gwangwaninsu.

"Kawu, Baba bai bar maka komai daga akwatin ba, kuma ban ga daidai ne ba. Ga waɗannan. Naka ne."

Ya dube su, ya dube ta. "'Yata, kyauta ce ko hukunci?"

"Ni ma ban sani ba, Kawu," ta ce, ta yi masa sallama ta fita.

Ya Allah, ka jiƙan Tsohon Akawu, ka yafe masa kalmar da ya faɗa cikin dariya da wadda ya riƙe bai faɗa ba. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da dukan waɗanda suka riga mu, ka haskaka kaburburansu. Wanda ya karanta wannan kuma, ka wanke zuciyarsa daga ƙyashin rabon ɗan'uwansa, ka ba shi ƙarfin buɗe baki idan ya ji ana ɓata mai gaskiya, ka sa ya cika da imani. Amin.